Louis Kunkel da Shekaru Arba'in na Bin Sawun Cutar Duchenne

Cutar Duchenne, wata cutar gado mai lalata tsokar jiki, tana da wata alama da likitocin yara suke gane ta da ita tun kafin a ɗebi jini. Idan yaro namiji ɗan shekara huɗu ko biyar yana zaune a ƙasa aka ce masa ya tashi, ba zai miƙe zumbur kamar sa'o'insa ba. Zai fara juyawa ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugunsa sama, sannan ya ɗora hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan a cinya, yana tura jikinsa da hannuwansa har ya tsaya. Likitan Ingila William Gowers ne ya siffanta wannan irin tashi a 1879, kuma har yau da sunansa ake kiran alamar. Idan aka duba sharaɓar yaron za a same ta a cike, ta fi ta sauran yara kauri, har iyaye su ɗauka alamar ƙarfi ce, alhali kitse da tabo ne suka fara maye gurbin tsoka.

Daga nan abin ƙara gaba yake yi. Yaron yakan yawaita faɗuwa, hawa matakala ya gagare shi, ya koma tafiya a kan yatsun ƙafa, kuma galibi kafin ya cika shekara 13 ya koma kan keken guragu. Bayan haka raunin yakan kai ga tsokar numfashi da ta zuciya, kuma a da can kaɗan ne daga cikin irin waɗannan yara suke wuce shekara 20. Edward Meryon ya rubuta labarin cutar a Landan a farkon shekarun 1850, Guillaume Duchenne ya yi mata cikakken bayani a Faransa a shekarun 1860, kuma tun a lokacin an lura cewa maza take kamawa, ta wajen uwa take biyowa. Ana samunta a kusan namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa, ba ta ware wata ƙabila ko nahiya ba. A 1959 masana a Japan suka gano cewa wani sinadari da ake kira CK, wanda mazauninsa cikin tsoka ne, yana malalowa cikin jinin masu cutar da yawan gaske. Wannan ya nuna cewa ƙwayoyin tsokar suna yoyo. Amma fiye da shekara ɗari bayan Duchenne, babu wanda ya san abin da ya ɓace a cikin tsokar har take yoyon.

Mutumin da ya jagoranci gano amsar shi ne Louis Kunkel na Asibitin Yara na Boston da Jami'ar Harvard a Amurka. Na daɗe ina bibiyar tarihin aikinsa, kuma abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne kusan duk wani babban mataki da aka taka ya samo asali ne daga wani majinyaci guda wanda cutarsa ta saɓa wa abin da littafi ya faɗa, wanda kuma wani likita ya tsaya ya lura da shi, ya rubuta, ya adana samfurin jininsa. Akwai 'yan mata da suka kamu da cutar maza, akwai yaro mai cututtuka huɗu a jiki ɗaya, akwai dattijon da ya kamata a ce ya gurgunce tun yana yaro amma yana tafiya da ƙafarsa, daga ƙarshe har da kare.

An haifi Kunkel a 1949 a gidan da bincike ya zama gado. Mahaifinsa, Henry Kunkel, shahararren masanin garkuwar jiki ne a Jami'ar Rockefeller da ke New York, kakansa kuma masanin cututtukan tsirrai ne. Ya yi digirin farko a Kwalejin Gettysburg, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins a 1978, a sashen da Victor McKusick ya gina, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin cututtukan gado na zamani. Kunkel ba likita ba ne, kuma aikinsa na ɗalibta bai shafi tsoka ba ko kaɗan. Ya yi shi ne a kan kuromosom Y, wanda maza kaɗai ke da shi (kuromosom ƙunshi ne na DNA, zaren da ke ɗauke da umarnin gado a cikin ƙwayoyin jiki), inda ya nemi sassan DNA da ake samu a jikin namiji amma babu su a jikin mace. Hanyar da ya bi ita ce ya cakuɗa DNA ɗin namiji da na mace, ya bar duk abin da ya yi kama ya haɗe, sannan ya tsince abin da ya rage ba shi da abokin haɗi. Wannan dabara ta debe wani daga wani a ga saura ita ce ta yi masa rana bayan 'yan shekaru. Bayan ɗan zama a San Francisco ya koma Boston a 1980, ɗakin binciken Samuel Latt, inda ake ware kuromosom X shi kaɗai da na'ura, kuma ƙungiyar tallafa wa masu cututtukan tsoka ta Amurka, MDA, ta tallafa wa aikinsa tun daga waɗannan shekaru na farko.

Ya kamata a fahimci girman matsalar a wancan lokaci. Kafin shekarun 1980, idan ana son gano ƙwayar gadon da ke haddasa wata cuta, wato sashen DNA mai ɗauke da umarnin ƙera wani furotin, sai an fara sanin furotin ɗin da ya lalace, kamar yadda aka san cewa haemogulobin ne ya sauya a cutar sikila, sannan a bi sawunsa a koma ga DNA. A Duchenne babu wanda ya san furotin ɗin. A 1980 David Botstein da abokan aikinsa suka ba da shawarar a juya lamarin: a fara gano wurin da ƙwayar gadon take zaune ta hanyar bin alamomin DNA a cikin zuri'a, daga baya a tambayi abin da take ƙerawa. Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi, domin DNA ɗin ɗan'adam yana da haruffa kusan biliyan 3, kuromosom X kaɗai yana da kimanin miliyan 155, kuma a lokacin ba a karanta ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

Haske na farko daga 'yan mata ya zo. Mace tana da X biyu, namiji yana da ɗaya, shi ya sa idan ƙwayar gadon ta lalace a X ɗaya na mace, ɗayan yakan rufa mata asiri, shi kuwa namiji ba shi da madadi. Duk da haka, daga ƙarshen shekarun 1970 likitoci a ƙasashe daban-daban suka riƙa ba da rahoton 'yan mata ƙalilan masu cikakkiyar cutar Duchenne. Da aka duba kuromosom ɗinsu a madubin ƙara girma, sai aka ga X ɗinsu ɗaya ya karye ya yi musayar yanki da wani kuromosom, kuma ko da yake abokin musayar ya bambanta daga yarinya zuwa yarinya, wurin karayar a jikin X guda ɗaya ne, wani yanki a gajeren hannunsa da ake wa laƙabi da Xp21. A Landan kuma, Kay Davies da Bob Williamson suka bi alamomin DNA a cikin iyalai masu cutar, suka nuna a 1982 da 1983 cewa ƙwayar gadon tana wannan unguwar. An san unguwa ke nan, amma unguwa ce mai haruffa miliyoyi.

Sai labarin wani yaro daga yankin arewa maso yammacin Amurka, wanda takardun bincike suke kira da haruffan BB. Yana da Duchenne, yana da wata cuta da ke hana fararen ƙwayoyin jini kashe ƙwayoyin cuta, yana da ciwon ido mai cinye gani a hankali, sannan jajayen ƙwayoyin jininsa suna da wata naƙasa da ba kasafai ake gani ba. Likitarsa a Seattle, Roberta Pagon, ta yi tunanin cewa da wuya cututtukan gado huɗu su haɗu a kan yaro ɗaya haka kawai, sai dai idan wani yanki na kuromosom ne ya gutsure ya tafi da ƙwayoyin gado da dama lokaci guda. Uta Francke, ƙwararriya a duba kuromosom, ta tabbatar da haka: akwai ɗan giɓi a Xp21 na yaron, wanda da ƙyar ido ke iya gani. An buga rahoton a 1985.

Kunkel ya gane cewa abin da yake nema yana cikin abin da BB ya rasa. DNA zare biyu ne manne da juna, idan aka dumama su sai su rabu, idan suka huce kowane zare ya nemi wanda ya dace da shi. Ya ɗauki DNA daga ƙwayoyin wani majinyaci mai X huɗu, don yankin da ake nema ya yawaita, ya yanka shi da sinadarin da ke barin baki na musamman a kowane guntu. Ya ɗauki na BB ya farfasa shi ba tsari, ya zuba shi ninki 200 a kan na farko, ya dumama, ya bar su su haɗe a cikin ruwan da aka gauraya da sinadarin fenol don haɗuwar ta yi sauri. Duk guntun da BB yake da irinsa, na BB ne zai riga kama shi saboda yawansa. Guntun da BB ba shi da irinsa kuwa ba shi da zaɓi sai ya koma ga abokinsa na asali, kuma irin waɗannan ne kaɗai suke fitowa da baki biyu masu kyau da za a iya dasawa cikin bakteriya a hayayyafa su. Daga wannan tacewa aka samu gutsattsari kaɗan da babu su a jikin BB. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba pERT87, da aka gwada shi a kan yara 57 masu Duchenne zalla, sai aka tarar babu shi a jikin biyar.

Abin da Kunkel ya yi bayan wannan shi ne, a ganina, mafi daraja a duk tarihin aikinsa. Yana cikin tsere da wasu, musamman Ronald Worton na Asibitin Yara na Toronto a Kanada, wanda ya biyo ta wata hanya, wato ta wurin karayar kuromosom ɗin wata yarinya 'yar Beljiyam, kuma shi ma a 1985 ya kai ga guntun DNA daga yankin. Duk da haka Kunkel ya rarraba pERT87 ga ɗakunan bincike na ƙasashe da yawa, bisa sharaɗin kowa ya gwada majinyatansa a haɗa sakamako. A 1986 mujallar Nature ta buga abin da aka samu daga maza 1,346, inda kusan kashi 6.5 cikin ɗari suka rasa wannan yanki. Ba karamci kaɗai ba ne, akwai lissafi a ciki, domin babu asibiti guda da ke da majinyata masu wannan yawa, kuma iyakokin giɓin kowane yaro sun nuna masa ta inda zai ci gaba da tono. Amma mutane da yawa sun san wannan lissafi, suka riƙe abinsu duk da haka. A wannan shekarar kuma, maƙwabcinsa a asibiti ɗaya, Stuart Orkin, ya yi amfani da wani guntu daga tacewar BB ya gano ƙwayar gadon cutar fararen ƙwayoyin jinin nan. A 1989 aka ba Kunkel da Worton lambar yabo ta Gairdner tare.

Ɗalibinsa Anthony Monaco ne ya yi aikin tonon. Mafi yawan DNA ɗin da ke cikin ƙwayar gado ba ya ɗauke da umarnin ƙera furotin, umarnin yana warwatse ne a ƙananan gaɓoɓi da ake kira ekson. Don ya gane su, Monaco ya kwatanta DNA ɗin mutum da na ɓera da wasu dabbobi, bisa hujjar cewa yankin da ke da muhimmin aiki ba ya sauyawa sosai tsakanin halittu. A watan Oktoba na 1986 suka ba da sanarwar samun sassan farko na ƙwayar gadon, a 1987 kuma Michel Koenig ya harhaɗa saƙon gaba ɗaya. Abin da ya bayyana ya ba kowa mamaki. Ita ce ƙwayar gado mafi tsawo da aka sani a lokacin a jikin ɗan'adam, tana da haruffa fiye da miliyan 2, da ekson 79, kuma ƙwayar tsoka tana ɗaukar kusan awa 16 kafin ta kwafe ta sau ɗaya. Tsawon nan ya bayyana wani abu da J.B.S. Haldane ya lissafa tun 1935, cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin wannan cuta ba gadonta suka yi ba, sabon kuskure ne ya auku a kansu. Abu mai faɗi haka ya fi saurin samun rauni.

Saura furotin. Eric Hoffman, wani matashin mai bincike a ɗakin, ya sa bakteriya ta ƙera wasu sassa na furotin ɗin daga saƙon, ya yi wa dabbobi irin su tumaki allurarsu don jikinsu ya samar da sinadaran garkuwa masu kama shi, sannan ya yi amfani da waɗannan ya neme shi a tsoka. Hoton da ke cikin takardar da mujallar Cell ta buga a Disambar 1987 ba shi da wani ado. Layuka ne a jere, kowanne na tsokar mutum ɗaya ko ɓera ɗaya, kuma can sama, wurin da manyan furotin suke tsayawa, akwai ɗan baƙin zane a layin masu lafiya. A layin yara masu Duchenne wurin fari ne fat, haka ma a layin wani ɓera mai ciwon tsoka da ake kira mdx. Suka raɗa wa furotin ɗin suna distirofin. Yana da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 3,685, amma bai wuce kashi 0.002 cikin ɗari na furotin ɗin tsoka ba, shi ya sa masu nemansa kai-tsaye suka yi shekaru suna wuce shi.

Nan take wata tambaya ta taso. Akwai wata cuta mai sauƙi da likitan Jamus Peter Becker ya siffanta a 1955, wadda masu ita sukan yi tafiya har girma, kuma ita ma a wannan ƙwayar gado matsalarta take. Abin ɗaure kai shi ne wani mai Becker ya rasa babban yanki, wani mai Duchenne kuma ɗan ƙarami ya rasa. Monaco da Kunkel suka ba da amsa a 1988. Ƙwayar halitta tana karanta umarnin ne haruffa uku-uku. A ɗauki jimlar da kowace kalmarta haruffa uku ce: ADO YAU ZAI KAI MAI CAN. Idan aka cire YAU gaba ɗaya, saura ADO ZAI KAI MAI CAN, jimla ta gajarce amma ma'ana tana nan. Idan kuwa haruffa biyu kawai aka cire, YA, aka ci gaba da karatu uku-uku, sai a samu ADO UZA IKA IMA ICA N. Na farko shi ne Becker, inda ake samun gajeren distirofin mai ɗan aiki. Na biyu shi ne Duchenne, inda ba a samun komai. Wannan ƙa'ida tana yin daidai a kusan kashi 90 cikin ɗari na majinyata.

Amfanin farko da iyalai suka gani shi ne gwaji. Zuwa 1990, Jeffrey Chamberlain a Texas da Alan Beggs a ɗakin Kunkel sun tsara gwajin jini da ke gano kusan duk giɓin da ake samu, kuma ya zama ana iya faɗa wa 'yar'uwar majinyaci ko tana ɗauke da cutar ko ba ta ɗauke da ita. A nan ne nake ganin labarin ya shafe mu kai-tsaye. A ƙasar Hausa, yaron da ƙafafunsa suka raunana, abin da ake fara kawowa shi ne shan inna, idan ba a ce iska ko sammu ba. Amma shan inna farat ɗaya yake zuwa, galibi bayan zazzaɓi, sau da yawa ya fi taɓa ƙafa ɗaya, sannan ya tsaya inda ya tsaya. Duchenne kuwa a hankali take shigowa, ƙafa biyu take kamawa daidai, kuma kowace shekara ta fi ta baya. Gwajin CK a jini ba mai wahala ba ne, kuma a yaro mai Duchenne yakan ninka na mai lafiya sau goma zuwa ɗari. Gadonta kuma ba irin na sikila ba ne da sai uwa da uba sun haɗu. Ina faɗin wannan da taka-tsantsan, domin na san yadda maganar "ta wajen uwa" za ta iya zama makami a gidan aure. Uwar da ke ɗauke da ita ba ta zaɓa ba, galibi ba ta ma sani ba, kuma a yaro ɗaya cikin uku babu komai a jininta.

Sanin sunan furotin bai faɗi aikinsa ba. Hasashen farko da ɗakin Kunkel ya buga a 1987 game da mazauninsa a cikin ƙwayar tsoka bai yi daidai ba, sai a 1988 ƙungiyoyi da dama, har da tasa, suka nuna cewa yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar. Wanda ya fi kowa warware abin da ya biyo baya shi ne Kevin Campbell na Jami'ar Iowa. Daga 1989 ya nuna cewa distirofin ba shi kaɗai yake ba. Kansa ɗaya yana riƙe da aktin, wato furotin ɗin da ke tallafe cikin ƙwayar, ɗaya kan yana riƙe da wani gungun furotin da suka ratsa tantanin, kuma ɗaya daga cikinsu, distirogilaykan, yana kama wani furotin mai suna laminin da ke wajen ƙwayar. Ta haka ƙarfin da tsoka ke fitarwa idan ta takure yake rarrabuwa, ba ya taruwa a kan tantanin. Idan babu distirofin, gungun duka yakan watse, tantanin ya riƙa yagewa da kowane motsi, CK ya fita, kalsiyam ya kwararo ciki ya tayar da sinadaran da ke narkar da furotin, ƙwayar ta mutu. Jiki yakan yi ta gyara da ƙwayoyin ajiya na tsoka, shi ya sa jariri ba ya nuna alama, amma da shekaru suka tafi gyaran ya kasa cim ma ɓarnar, kumburi ya zauna, tabo da kitse su cike gurbin.

Wannan ya buɗe ƙofa ga wasu cututtukan. A Tunisiya, likita Mongi Ben Hamida ya daɗe yana ganin yara masu cuta mai kama da Duchenne, amma mata da maza take kamawa daidai, kuma ta fi yawa a gidajen da ake auren zumunci. A 1995 ɗakin Kunkel, tare da na Eijiro Ozawa a Japan da likitocin Tunisiya, suka nuna cewa distirofin ɗin waɗannan yara lafiyarsa lau, wani ɗan gungun ne mai suna gama-sarkogilaykan ya lalace, kuma ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 13. Tunda auren 'yan'uwa sananne ne a wurinmu, likitan da ya ga yarinya da irin waɗannan alamu bai kamata ya kore ciwon tsoka don kawai mace ce ba.

Akwai wani abin da ban zata zan tarar a wannan fage ba. A 1998 ɗakin Campbell da na Michael Oldstone suka gano cewa distirogilaykan ɗin nan shi ne ƙofar da bairas ɗin zazzaɓin Lassa yake kamawa ya shiga ƙwayoyin jikin mutum, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau. Daga baya, a 2007, Pardis Sabeti da abokan aikinta suka ga alamun cewa ƙwayar gadon LARGE, wadda ke yi wa distirogilaykan kwalliyar sukarin da bairas ɗin yake kamawa, ta sha zaɓin yanayi a tsakanin Yarbawa, suka yi hasashen cewa Lassa ce sanadi.

Magani kuwa ya ƙi zuwa da saurin da aka yi tsammani. A farkon shekarun 1990 an gwada yi wa yara allurar ƙwayoyin tsoka masu lafiya daga danginsu, amma kusan duka suka mutu a inda aka zuba su. Aka koma tunanin saka lafiyayyar ƙwayar gado ta hanyar bairas marar cutarwa, sai tsawon nan ya zama cikas, domin saƙon distirofin ya kai haruffa 14,000, bairas ɗin AAV da ya fi dacewa da tsoka kuma bai ɗaukar fiye da kusan 4,700. Mafita ta sake fitowa daga majinyaci guda. A 1990 ɗakin Kay Davies ya ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 61 da ya rasa kashi 46 cikin ɗari na umarnin distirofin, daga tsakiya, amma yana tafiya. Ashe tsakiyar furotin ɗin ana iya rage ta matuƙar kawunan biyu suna nan. Duk ƙananan distirofin da ake ɗura wa bairas a yau daga wannan lura suka samo tushe.

Ƙa'idar haruffa uku-uku ita ma ta haifi nata maganin. Masana a Perth ta Ostireliya da Leiden ta Holan suka ƙirƙiro gajerun zaren da ke rufe ekson ɗaya don ƙwayar ta tsallake shi, karatu ya koma kan layi, a mayar da Duchenne ta zama kamar Becker. A Satumbar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na farko, eteplirsen, wanda ke tsallake ekson na 51 kuma ya dace da kusan kashi 13 cikin ɗari na majinyata. An yi ta cece-kuce, domin babban gwajin da aka dogara da shi yara 12 ne, kwamitin masana na hukumar ya ƙi goyon baya, distirofin ɗin da aka samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na mai lafiya ba, kuɗinsa kuma kusan dala 300,000 a shekara. A Yunin 2023 aka amince da Elevidys, maganin ƙaramin distirofin a cikin bairas, a kan dala miliyan 3.2 allura ɗaya. Babban gwajinsa bai cim ma ma'aunin farko da aka ɗora masa ba, kuma a 2025 majinyata biyu da suka riga suka daina tafiya suka rasu sakamakon gazawar hanta bayan an yi musu shi.

Ba na ganin adalci ne a ce binciken bai yi amfani ba, amma gaskiya ita ce shekarun da aka ƙara wa rayuwar waɗannan yara, har da yawa suke kaiwa shekara 30, mafi yawansu daga abubuwa marasa armashi suka zo: maganin sitiroyid irin su prednisone, wanda gwajin 1989 ya tabbatar yana jinkirta raunin, da na'urar taimakon numfashi da dare, da magungunan zuciya da ake farawa da wuri, da gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Wasu daga cikin waɗannan ba su fi ƙarfin asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Yamai ba, idan an gane cutar da wuri kuma likita ne yake lura da maganin.

Kunkel bai bar fagen ba bayan ya samu suna, ko da yake ya leƙa wasu wurare, kamar binciken gadon tsawon rai a tsakanin masu shekara ɗari. A shekarun 2000 ya koma ga wani ɗan kifi mai ratsi-ratsi da ake kira zebira, wanda akwai irinsa marar distirofin. 'Ya'yan kifin jikinsu garau yake, ana ganin tsokarsu da haske na musamman cikin 'yan kwanaki da ƙyanƙyashewa, lafiyayya tana sheƙi, mai ciwo tana da duhu-duhu. Wannan ya ba da damar zuba magunguna iri-iri cikin ruwansu a ga wanda zai hana lalacewa. A 2011 suka ba da rahoton gwada sinadarai 1,120, kaɗan suka yi tasiri, ciki har da aminophylline, tsohon maganin asma. Sai dai wani magani mai aiki ta makamanciyar hanya, tadalafil, da aka yi masa babban gwaji a kan yara, bai hana su rasa tafiya ba. Abin da ya ceci kifi ko ɓera sau da yawa ba ya ceton yaro, kuma ɓeran mdx kansa, duk da ba shi da distirofin, ciwonsa mai sauƙi ne.

Kare ne ya fi kama da mutum a wannan cuta. A Jami'ar São Paulo ta Brazil, Mayana Zatz tana kiwon wasu karnuka masu gadon ciwon don bincike, kuma yawancinsu ba sa daɗewa. A 2003 aka haifi ɗaya mai suna Ringo, wanda gwaji ya nuna ba shi da distirofin ko kaɗan kamar 'yan'uwansa, amma yana gudu, yana tsalle, har ya yi barbara ya haifi 'ya'ya da dama, ɗaya daga cikinsu, Suflair, ya gaji wannan sauƙin. Ringo ya rayu shekara 11. Ɗalibar Zatz, Natássia Vieira, ta kawo aikin Boston, inda ɗakin Kunkel da na Kerstin Lindblad-Toh suka kwatanta DNA ɗin karnukan biyu da na sauran. A 2015 suka buga sakamakon: wani ɗan sauyi ya sa wata ƙwayar gado mai suna Jagged1, wadda ke da hannu a sabunta tsoka, tana aiki fiye da kima a jikinsu, kuma da aka ƙara ta a cikin kifin nan marar distirofin, da yawa daga cikinsu tsokarsu ta tsira. Har yanzu ba a mayar da wannan magani ba. A jikin mutane ma an gano ƙwayoyin gado irin su SPP1 da LTBP4 da ke sa wani yaro ya daɗe yana tafiya fiye da wani mai giɓi iri ɗaya, kuma an gano su ne ta hanyar bin ɗaruruwan yara da aka yi wa rajista, akasarinsu a Turai da Amurka, ana rubuta shekarar da kowannensu ya daina tafiya.